Lalitar Matar Aure a Ingila

Wata rana a cikin shekarun 1870, wani ɗan sane ya zare wa Millicent Fawcett lalitarta a tashar jirgin ƙasa ta Waterloo da ke birnin Landan. Aka cafke shi aka gurfanar da shi gaban alƙali, ita kuma aka kira ta ba da shaida. Da aka zo karanta tuhuma, sai ta ji an ce ana zarginsa da satar lalita mai ɗauke da fam 1 da sule 18 da sisi, dukiyar Henry Fawcett. Henry mijinta ne, kuma ba aljihunsa aka laluba ba. Ita Millicent mace ce mai ilimi, har ta riga ta wallafa littafi a kan tattalin arziki, amma a idon dokar ƙasarta kuɗin da ke cikin jakarta na mijinta ne. Daga baya ta faɗi cewa a ranar ji ta yi kamar ita ake tuhuma da satar.

Yau a Birtaniya akwai ƙungiyar da ba ta da wani aiki sai taimakon matan da aka zalunta ta hanyar kuɗi. Akwai layin waya na musamman, akwai bankunan da ke ba mace kuɗin gudu, kuma tun 2021 doka ta ambaci irin wannan zalunci da sunansa. Wanda ya ga haka zai ɗauka da can ma haka abin yake. Mun bi sawun yadda aka zo nan, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne yadda tambaya guda ta yi ta dawowa har shekara kusan ɗari biyu: idan an ce za a taimaki matar, a hannun wa za a damƙa kuɗin, kuma da sunan wa za a rubuta su?

Tushen matsalar wata ƙa'ida ce ta tsohuwar dokar Ingila, wadda masanin shari'a William Blackstone ya fayyace a 1765: miji da mata mutum ɗaya ne a gaban doka, kuma mijin ne ke wakiltar wannan mutum ɗayan. Da zarar an ɗaura aure, duk abin da mace ta mallaka na kuɗi da kaya da dabbobi ya koma na miji ɗungurungum. Gona ko gida ba zai iya sayarwa ba sai da yardarta, amma shi ke karɓar haya da amfanin. Ladan aikinta nasa ne. Ba ta ƙulla yarjejeniya, ba ta kai ƙara da sunanta. Masu hannu da shuni sun san yadda suke kauce wa wannan: kafin aure uba zai sa lauyoyi su ajiye dukiyar 'yarsa a hannun amintattu, inda miji ba zai taɓa ba. Sai dai wannan hanya tana cin kuɗin lauya, don haka mai wankau da mai aikin masaƙa ba su san ma tana nan ba.

Wadda ta fara ɗaga murya har ƙasa ta ji ita ce Caroline Norton, kuma ba don tana sha'awar gwagwarmaya ba. An haife ta a 1808, jikar shahararren marubucin wasan kwaikwayo Richard Brinsley Sheridan ce. Gidansu akwai suna amma babu kuɗi. A 1827 ta auri George Norton, lauya kuma ɗan majalisa, mutumin da ya haɗa shan giya da saurin hannu da son abin wani. Ita ce ke rubuta waƙoƙi da littattafai tana shirya mujallu, kuɗin suna shigowa gidan. A 1836 rikici ya kai maƙura: George ya kwashe 'ya'yansu maza uku ya ɓoye, ya rufe mata ƙofa, sannan ya kai firaministan ƙasar, Lord Melbourne, ƙara bisa zargin yana neman matarsa, yana neman diyya mai tsoka. Ba a ɓata lokaci ba aka yi watsi da ƙarar. Amma duk tsawon shari'ar da aka yi ta yayata sunanta a jaridu, Caroline ba ta da damar buɗe baki, domin a doka ba ta cikin masu shari'ar. Kuma tun da an wanke ta daga zargin, hanyar saki ma ta toshe.

Ta fara da yaƙin ganin 'ya'yanta, wanda ya haifar da dokar 1839 da ta ba uwa damar neman riƙon yaran da ba su kai shekara bakwai ba. George ya kai yaran Sikotilan, inda dokar ba ta aiki. A 1842 ƙaramin cikinsu, William, ya faɗo daga kan doki, ya rasu kafin uwarsa ta iso.

Maganar kuɗi kuwa ta fito fili ne daga baya. A 1848 George yana bukatar sa hannunta don ya ci bashi a kan wata dukiya, sai ya yi mata alkawari a rubuce cewa zai riƙa ba ta fam 500 duk shekara. Da mahaifiyarta ta rasu a 1851 ta bar mata ɗan abin da aka killace mata, sai ya ga ai ta samu, ya janye hannunsa. Caroline ta ce to, tun da doka ta ce ba ta da komai, ai bashinta ma nasa ne. Ta tura masu binta bashi wurinsa. Wani mai gyaran keken doki ya kai George kotu a 1853. A nan ne aka sa ta kawo takardun bankinta da na masu buga littattafanta, a nan ne kuma ta ji da kunnenta cewa takardar 1848 ba ta ɗaure kowa ba, domin mutum ba ya ƙulla yarjejeniya da matarsa, tamkar dai ya ƙulla da kansa ne. Kuma mutumin da suka rabu shekara goma sha bakwai yana da ikon karɓar kuɗin littafin da ta rubuta jiya.

Ta mayar da martani da abin da ta iya. Ta fitar da ƙasida a 1854, ta biyo da buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Sarauniya Victoria a 1855. Ya kamata mu faɗi cewa Caroline ba ta taɓa neman daidaito da maza ba. Ta ce ta yarda namiji ne sama, kariya kawai take nema daga wanda ya ci amanar wannan matsayi. Wataƙila shi ya sa dattawan majalisa suka iya saurarenta.

A daidai wannan lokaci wata budurwa, Barbara Leigh Smith, ta ɗauki wata hanyar. Mahaifinta ya yanka mata fam 300 a shekara tun tana da shekara 21, don haka ta san daɗin kuɗin kai. A 1854 ta tattara dokokin da suka shafi mata ta rubuta su da harshe mai sauƙi a ɗan ƙaramin littafi, yadda kowace mace za ta karanta ta gane inda take tsaye. A ganinmu wannan ɗan littafi shi ne kakan duk takardun wayar da kai da ƙungiyoyi ke rabawa yau. Ta kafa kwamiti, suka tara sa hannun mutum kusan 26,000, ciki har da marubuta irin su Elizabeth Gaskell da Elizabeth Barrett Browning da Harriet Martineau, aka miƙa wa majalisa a 1856.

Abin da majalisa ta yi dabara ce da har yau 'yan siyasa ba su daina ba: ta ba da kaɗan don kada a nemi da yawa. Dokar saki ta 1857 ta ce matar da mijinta ya gudu ya bar ta tana iya zuwa gaban majistare ta karɓi takardar kariya, abin da ta samu bayan tafiyarsa ya zama nata. Da aka yi haka sai aka ce ai an share hawayen waɗanda aka zalunta, ƙudirin dukiyar matan aure ya mutu.

Matar da ta nuna ramin da ke cikin wannan doka ba marubuciya ba ce. Sunanta Susannah Palmer, tana aikin shara da goge-goge a gidajen mutane a Landan. Mijinta yana dukanta, ya kore ta da 'ya'ya, ita kuma ta je ta kama ɗaki ta fara tara 'yan komatsanta. Da ya ji ta ɗan farfaɗo sai ya bayyana, ya kwashe kayan ya sayar, ya tafi. Ta je neman takardar kariya aka ce ba ta cancanta ba, domin mijinta bai guje ta ba. Ai ga shi yana dawowa. A ƙarshen 1868 ta daɓa masa wuƙa, raunin bai yi tsanani ba, aka yi mata shari'a a farkon 1869 aka ɗaure ta a kurkukun Newgate. 'Yar jarida Frances Power Cobbe ta yayata labarin, jama'a suka yi karo-karo don a sake kafa mata gida. Nan ma aka ci karo da bango: idan aka miƙa mata kuɗin da kayan, a doka sun zama na mijin da ya jefa ta cikin halin. Sai da aka ajiye su da sunan wasu.

Tun kafin majalisa ta farka, talakawa sun fara yi wa kansu magani. A garin Rochdale, cikin yankin masaƙun auduga na Lancashire inda matan aure da yawa ke aikin albashi, akwai ƙungiyar gama kai da ma'aikata suka kafa a 1844. Ƙungiyar tana karɓar ajiyar matar aure da sunanta, kuma idan miji ya zo yana neman a ba shi, sai a hana shi. Ba su da hurumin yin haka a doka, da mijin zai je kotu da wataƙila ya yi nasara, amma yawanci kunya takan sa ya haƙura. An kawo wannan misali gaban kwamitin majalisa a 1868 a matsayin shaidar cewa barin mace da kuɗinta bai rushe gidan kowa ba. Mu da muka san uwar adashi, wadda ko mijin 'yar zubi ya zo da rawani ba za ta ba shi kwasar matarsa ba, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani.

Wani kwamiti da ke Manchester, wanda Elizabeth Wolstenholme ke wa sakatariya, shi ya ɗauki ragowar aikin, lauya Richard Pankhurst ya tsara musu ƙudiri. Majalisar dattawa ta yayyanka shi kafin ya zama doka a 1870. Abin da ya tsira shi ne ladan aikin mace da wasu nau'o'in ajiya da ɗan gado mai iyaka. Yawancin abin da ta shigo da shi gidan aure har lokacin na miji ne. Sai da suka ƙara shekara goma sha biyu suna fama kafin dokar 1882, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1883, ta ba matar aure ikon mallaka da saye da sayarwa kamar wadda ba ta da aure. A tsakani, rubutun Cobbe a kan azabtar da mata ya taimaka aka yi dokar 1878, wadda ta ba majistare ikon raba mace da mijin da aka kama da laifin yi mata mugun duka, ya kuma yanka masa kuɗin ciyarwa. Caroline Norton ba ta ga ko ɗaya daga cikin waɗannan biyun ba. George ya mutu a 1875, ta sake aure a 1877, ta rasu bayan wata uku.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Lokacin da sojojin Lugard suka shiga Kano da Sakkwato a 1903, shekara ashirin kacal ke nan da matar Bature ta sami ikon riƙe dukiyarta. Sun tarar da alƙalai suna hukunci da fiƙihun Malikiyya, wanda tun ƙarnoni da suka wuce ya tabbatar cewa aure ba ya haɗa dukiya: sadaki na mace ne, gadonta nata ne, ribar sana'arta tata ce, ci da sha da sutura da muhalli kuma suna kan miji ko da ta fi shi arziki. Iyakar da aka sa mata ita ce miji na iya hana ta yin kyauta da abin da ya wuce sulusin dukiyarta. Matar kulle tana dakan fura ko suyar ƙosai, yara su kai talla, ta sayi akuya ta jera kwanuka, kuma mijinta in yana son abin da take sayarwa sai ya biya. Wannan abin alfahari ne, amma laifi tudu ne. Ragowar tarihin Ingila ya nuna cewa samun haƙƙi a takarda somin-taɓi ne kawai, kuma a wannan ɓangaren ba mu da bakin yi wa kowa dariya.

Dokar 1882 ta amfani macen da ke da abin kanta. Wadda aikinta duk a cikin gida yake, ba albashi ba gado, ba ta ƙaru da komai ba. A 1943 aka yi wata shari'a da ta fusata matan ƙasar. Wata mata a Oxford, matar wani mai suna Blackwell, ta shafe shekaru tana tsimi daga kuɗin cefane tana zubawa a ƙungiyar gama kai, har ta tara fam 103 da sule 10. Da aure ya lalace mijin ya ce nasa ne, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta ba shi gaskiya: kuɗin cefane nasa ne, don haka canjin ma nasa ne. Duk macen da ta taɓa matse kuɗin kayan miya ta jefa ragowar a asusu ta san zafin wannan hukunci. Likita kuma 'yar majalisa Edith Summerskill ta riƙe maganar har shekara ashirin da ɗaya, sai a 1964 aka yi dokar da ta ce irin wannan tsimi a raba shi biyu tsakanin miji da mata.

Wadda ta fi kowa fahimtar inda gizo ke saƙa ita ce Eleanor Rathbone. Ta yi aiki cikin iyalan 'yan dako a tashar jiragen ruwa ta Liverpool, ta ga yadda albashi ke shiga gida ya tsaya a aljihu guda, wani lokaci ya ƙare a mashaya tun kafin ya iso. Tun 1924 ta yi littafi tana kira ga gwamnati ta riƙa biyan kuɗin tallafin yara. Da gwamnati ta amince a 1945, sule biyar a mako ga kowane yaro banda na fari, sai ƙudirin ya zo da cewa uba za a ba. Rathbone, wadda ta haura shekara saba'in kuma ta ba da rayuwarta ga wannan tallafi, ta ce in haka ne ita da kanta za ta ƙi jefa masa ƙuri'a. Aka bar 'yan majalisa kowa ya zaɓi ra'ayinsa, suka ce a ba uwa. Ta rasu a watan Janairun 1946, aka fara biya a watan Agusta. Ga mata da yawa, wannan 'yar takardar karɓar kuɗi a gidan waya ita ce abu na farko da ya taɓa zuwa da sunansu.

Sai shekarun 1970 aka sami wurin gudu. A 1971 Erin Pizzey da wasu mata suka sami wani ƙaramin tsohon gida a unguwar Chiswick ta Landan don mata su riƙa haɗuwa, kafin a ankara ya cika da masu gudun duka, suna kwana a kan katifu a ƙasa. A 1974 irin waɗannan gidaje suka haɗu suka kafa ƙungiyar Women's Aid. Masu aiki a gidajen sun lura da abu guda: matan suna zuwa hannu rabbana, kuma da yawa suna komawa inda suka fito saboda ba su da kuɗin haya ko na abincin yara. A lokacin ma banki na iya ce wa mace mai albashi ta kawo sa hannun miji ko uba kafin a ba ta rance; dokar hana wariyar jinsi ta 1975 ce ta haramta haka. Haraji kuwa, har zuwa 1990 ana lissafa kuɗin shigar matar aure a cikin na mijinta, wanda ke nufin sai ta bayyana masa duk abin da take samu.

Sunan abin daga Amurka ya zo. A farkon shekarun 1980 masu aiki da matan da ake duka a garin Duluth suka zauna da su suna tambayar yadda rayuwar take, suka zana dabarun da azzalumin miji ke amfani da su, aka ga riƙe kuɗi yana cikin manya. A 2008 Adrienne Adams da abokan aikinta a wata jami'a ta jihar Michigan suka yi wa mata 103 da suka tsira daga cin zarafi tambayoyi, kashi 99 cikin ɗari suka ce an ƙuntata musu ta wannan fuska. Masu bincike sun nuna cewa abin ya wuce rowa. Akwai mai ƙididdige kowane kwabo yana neman rasit, akwai mai zuwa wurin aikin matar ya tayar da rigima har a sallame ta, akwai mai ɓoye makullin mota ranar jarrabawa. Mafi muni shi ne wanda zai ci bashi da sunanta, da saninta bisa tilas ko ba da saninta ba, ya bar ta da biya shekaru bayan an rabu. A ƙarni na goma sha tara doka ta hana mace suna a harkar kuɗi. Da ta samu, sai sunan ya zama abin da ake cin bashi da shi.

A Ingila, dokar 2015 ta mai da juya mutum da tilasta masa a cikin zaman aure ko soyayya laifi mai ɗaurin da ya kai shekara biyar. A 2017 Nicola Sharp-Jeffs, bayan ta zaga Amurka da Ostireliya ta ga yadda suke yi, ta kafa ƙungiyar Surviving Economic Abuse. Dabararsu ita ce zuwa inda kuɗin suke. Tare da wata ƙungiyar masu ba da shawara kan bashi suka buɗe layin waya, suka kuma tsara takarda guda wadda ƙwararren mai ba da shawara zai cike ya aika wa duk masu bin mace bashi, don kada ta yi ta maimaita labarin wulaƙancinta a gaban kowane ma'aikacin banki; wani lokaci har a yafe bashin. A 2018 bankunan ƙasar suka amince da ƙa'idar yadda za su riƙa karɓar irin waɗannan mata: buɗe sabon asusu ga wadda ta gudo ba takardu, da kiyaye kada wasiƙar banki ta tona sabon adireshinta. A 2020 kamfanonin jirgin ƙasa suka fara ba da tikiti kyauta ga mai tafiya gidan mafaka, shawarar da wani manajan tasha ya kawo. A ƙarshen 2022 bankin TSB ya fara ba abokan hulɗarsa masu gudun cin zarafi har fam 500, ba rance ba.

Dokar da aka sa wa hannu ranar 29 ga Afrilun 2021 ita ce ta shigar da zaluncin tattalin arziki cikin ma'anar cin zarafin cikin gida: duk halin da ya yi mummunar illa ga ikon mutum na samun kuɗi ko dukiya, ko amfani da su, ko riƙe su. Ba ta mai da shi laifi mai zaman kansa ba, ana hukunta shi ne a ƙarƙashin dokar 2015, wadda aka faɗaɗa daga Afrilun 2023 ta haɗa da abin da tsohon miji ke yi bayan an rabu. Amma gwamnatin da ta yi wannan doka ita ce kuma ke biyan babban tallafinta na marasa ƙarfi, Universal Credit, dunƙule cikin asusu ɗaya ga kowane gida, sai in an roƙa a raba. Matar da ke tsoron mijinta, ta yaya za ta roƙa a raba ba tare da ya gani ba? Da Rathbone na raye da ta sake miƙewa.

Abin da zai ba wasu mamaki shi ne Nijeriya ta riga Ingila ambaton abin a doka. Dokar haramta cin zarafin jama'a ta VAPP, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2015, ta mai da tilasta wa mutum dogaro da wani ta fuskar kuɗi laifi, da ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba ko tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, ko duka biyun. Ta lissafa hana gado a cikin irin wannan zalunci. Dokar ta Abuja ce, kowace jiha sai ta yi tata. Ƙungiyoyi irin su FOMWAN da aka kafa a 1985, da WRAPA da aka kafa a 1999, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, da hukumar ba da lauya kyauta ta tarayya, duk suna karɓar koken mata, ga kuma hanyoyin da aka saba: waliyyi, mai unguwa, Hisbah a inda take, da kotun shari'ar Musulunci, inda Malikiyya ta ba alƙali ikon raba auren da miji ya ƙi ciyarwa.

Sai dai irin namu zaluncin yakan shigo ne da sallama. Jarin da aka ce a ara zuwa ƙarshen wata, katin cirar albashi da ke kwana a aljihun maigida, gonar gado da yayye maza suka ce suna riƙe wa ƙanwarsu, filin da ta biya aka rubuta takardar da sunansa saboda wai shi ya san ofishin. Mace ta nemi rubutu ko shaida, sai a ce ba ta yarda da mijinta ba. Ranar da aka je gaban alƙali kuwa, ƙa'idar Malikiyya a kan rigimar kayan gida a fili take: idan babu shaida, abin da aka san na mata ne kaɗai a al'ada, kamar kayan ado da tufafinsu, a ba matar bayan ta rantse, abin da aka san na maza ne, ko wanda maza da mata duk suna iya mallaka, a ba mijin bayan ya rantse. Firji da talabijin da janareta da mota, ko da albashinta ko adashinta aka saye su, ana iya jefa su cikin kashi na biyun, sai fa in ta kawo shaidu ko rasit mai ɗauke da sunanta.